Tambaya da Amsa: Yawon Dare da Lokutan Ciyar da Mesa Mai Dunƙulewa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duka sun shafi dabba ɗaya, wato ƙaramar mesar nan da take dunƙule jikinta ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata, wadda masana dabbobi suke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawon babbarta yakan tsaya tsakanin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma asalinta yankinmu ne, tun daga Senegal, a biyo ta Ghana, Togo, Benin, Nijeriya da Kamaru, har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda. Daga Ghana, Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, kuma a can ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwatawa a gida. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ina zaune a Amurka da iyalina. Ɗana ya sayi wannan mesa shekara biyu da suka wuce, kuma da rana ba ma ko ganinta, amma da zarar an kashe fitila sai ta fito ta riƙa zagaye akwatin gilashinta tana hawa bango tana zamowa. Yaron ya dage cewa yunwa ce, yana so ya riƙa ba ta ɓera sau biyu a mako. Ko yana da gaskiya?

Amsa: Malam, ka dakatar da yaron daga ƙara mata abinci, amma ka yaba masa da ya lura da ita har ya damu. Abin da kuke gani shi ne ɗabi'arta ta asali. A daji tana wuni a cikin ramin da ɓera ko gafiya suka haƙa suka bari, ko a cikin tsohon suri, inda zafin rana ba ya isa gare ta kuma iskar ciki take da danshi. Sai magariba ta yi take leƙowa, domin a lokacin ne ƙasa take hucewa kuma ɓeraye suke fita neman abinci. Kiwon gida bai canza wannan agogo ba, ko da kuwa an ƙyanƙyashe mesar a Amurka kuma iyayenta ma can aka ƙyanƙyashe su.

An halicce ta da kayan aikin dare. Idan ka dubi leɓenta na sama da kyau za ka ga jerin ƙananan ramuka, waɗanda da su take jin ɗumin jikin dabba mai jini a cikin duhu, ta san inda take ba tare da ta gan ta ba. Harshen da take fitarwa akai-akai kuma yana ɗebo ƙamshi daga iska ya kai shi wata gaɓa da ke rufin bakinta, ta haka take gane abin da ya ratsa wurin. Saboda haka fitowar dare da kaɗa harshe bincike ne na muhalli, kuma mesar da ta ƙoshi ma tana yi da zarar ta gama narkar da abin da ke cikinta. Hawan da take yi ma ba baƙon abu ba ne. Binciken da Luca Luiselli da Francesco Angelici suka wallafa a 1998 kan irin wannan mesa a dazuzzukan kudu maso gabashin Nijeriya ya nuna cewa mazan sun fi hawa bishiya kuma sun fi cin tsuntsaye, matan kuwa sun fi cin dabbobin ƙasa irin su ɓeraye. Duk wanda ya ce wannan maciji ba ya buƙatar reshen hawa bai san shi a muhallinsa ba.

Yunwa tana da tata alama, kuma ta fi kama da zama wuri ɗaya. Mesa mai jiran abinci takan fito da kai da wuyanta daga bakin maɓoyarta, sauran jikin yana ciki, wuyan a lanƙwashe, ta tsaya cik tana fuskantar hanyar da take tsammanin abinci zai biyo. Idan hannu ya gifta kusa da gilashin sai ka ga kan ya bi shi a hankali. Kwanton ɓauna ke nan, kuma shi ne hanyar farautarta. Ko wannan ma ba umarni ba ne na a kawo ɓera nan take, domin a daji takan yi wannan zama dare bayan dare ba ta samu komai ba, kuma jikinta ya dace da hakan.

Akwai yawon da ya kamata ya dame ku. Idan tana zagaye ba hutawa har da rana tsaka, ko tana dungurin murfi da hanci har fatar wurin ta fara gogewa, to wani abu ne a akwatin yake korarta. Abu na farko da za ku duba shi ne zafi, da ma'auni ba da tafin hannu ba: ɓangare mai ɗumi ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salsiyas, ɓangare mai sanyi kuma 25 zuwa 27, domin ta zaɓi inda ya yi mata. Na biyu shi ne maɓoya. Tana buƙatar aƙalla biyu, ɗaya a kowane ɓangare, kuma kowace ta kasance matsattsiya yadda jikinta zai taɓa bango ta kowane gefe, mai ƙofa ɗaya ƙarama. Akwatin gilashi da babu komai a cikinsa sai kwanon ruwa wuri ne na fargaba ga dabbar da ta saba da rami. Na uku, namijin da ya balaga yakan yawaita yawo a lokacin barbara, yana neman mace, kuma a wannan lokaci abinci ba ya gabansa. Wani bincike da aka yi a jami'ar Munik ta Jamus, aka wallafa a 2021, ya kwatanta mesoshin da aka ajiye a ƙananan aljihunan roba da waɗanda aka ba faffaɗan wuri mai reshe da maɓoya, sai aka ga na aljihun sun fi yawan dungurin bango da baki, na faffaɗan wurin kuwa suna hawa, suna miƙe jiki, suna shan ɗumi. Ga babbar mesa, akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 shi ne mafi ƙarancin abin da nake ba da shawara. Ku kuma tabbatar murfin yana da makulli, domin wannan yawon dare shi ne yake kai ta ga gano duk wata kafa da aka manta.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kumasi. Na karɓi 'yar ƙaramar mesa daga hannun wani mai kiwo, nauyinta bai kai giram 100 ba. Kwana nawa zan riƙa bari tsakanin ciyarwa, kuma yaya girman abincin zai kasance?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda ka san nauyinta ka riga ka kama hanya, domin sikeli da littafin rubutu su ne manyan kayan aikin mai kiwon mesa. Jaririya irin taka, wadda ta riga ta yi saɓarta ta farko, ana ba ta ƙaramin ɓera ɗaya duk bayan kwana 5 zuwa 7. Idan ta kai wajen giram 200 zuwa 500, sai a buɗa tazarar zuwa kwana 7 zuwa 10. Daga nan har ta balaga, kwana 10 zuwa 14 sun wadatar, babbar da ta daina girma kuwa sau ɗaya a mako biyu ko uku ya ishe ta, wasu manyan ma sau ɗaya a wata ake ba su kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, jikin dabbar shi ne zai gaya maka ko ka matso ko ka ja baya.

Game da girma, ka'idar da masu kiwo suka daɗe suna bi ita ce kaurin ɓeran ya yi daidai da wuri mafi kauri a jikin mesar, kada ya zarce. Ga masu tasowa wannan yakan yi daidai da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta, ga manya kuma kason yana raguwa sosai, zuwa wajen kashi 5 ko 6. Bayan ta haɗiye, ya kamata a ga ɗan kumburi kaɗan a cikinta wanda zai baje cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kumburin ya yi girma har ta kasa dunƙulewa yadda ta saba, abincin ya yi mata yawa.

Dalilin wannan doguwar tazara yana cikin yadda mesa take narkar da abinci. Tsakanin cin wannan da na gaba, cikinta da hanjinta suna kwance kamar murhun da aka kashe wutarsa, sai abinci ya shigo a sake hura shi. Binciken Stephen Secor da Jared Diamond kan 'yar'uwarta, mesar Bama, ya nuna cewa bayan cin babban abinci ruwan cikinta yakan yi tsamin da zai narkar da ƙashi, hanjinta ya ƙara girma, kuma iskar da jikinta yake sha ta ninka sau da yawa, sannan komai ya koma yadda yake bayan wasu kwanaki. Dabbar da ake ɗura wa abinci kafin ta gama wannan zagaye ba ta samun hutu. Ƙiba ita ce cutar da na fi tsoro ga mesar gida, domin tana shigowa a hankali kuma mai ita yana ganin alheri yake yi. Alamarta ita ce fata tana bayyana tsakanin ɓawon jiki ko da ba ta ci komai ba, naɗe-naɗen kitse idan ta lanƙwasa, da kauri da yake yankewa kwatsam daf da wutsiya. Kitsen yana taruwa har a hanta, kuma yana rage kwanan dabbar da kan rayu shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula. Wata ta haura shekara 47 a gidan namun daji na Filadelfiya a Amurka, wata kuma a na Sent Luwis, shi ma a Amurka, ta yi ƙwai a 2020 tana da kimanin shekara 62. Mai dabba irin wannan ba shi da dalilin gaggawar ganin ta yi girma.

Ka ciyar da ita bayan magariba, a cikin akwatinta, fitila a rage. Ba na goyon bayan al'adar ɗauke ta zuwa wani akwati domin ciyarwa, saboda ɗaukar tana firgita ta kafin ci, mayarwar kuma tana jijjiga ta bayan ci. Bayan ta ci kada ka taɓa ta har kwana biyu cikakku. Idan ta yi amai, ka bar ta mako biyu kafin ka sake gwadawa, kuma ka ba ta abin da bai kai na baya girma ba, domin amai yana ƙona maƙogwaronta kuma maimaita shi yana iya kashe ƙaramar mesa. Ka rubuta ranar ci, nauyin ɓera, ranar saɓa da ranar kashi, ka auna ta sau ɗaya a wata.

Tambaya: Daga Kano nake rubutowa. Mesata namiji ne, nauyinsa kusan giram 900. Tun shigowar hunturu ya daina ci, yau mako tara ke nan. Kullum da dare ina miƙa masa ɓera, sai ya kau da kai. Ina tsoron kada ya mutu a hannuna.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kuma ki daina miƙa masa kullum, domin hakan yana ƙara masa ƙyamar abincin. Irin wannan mesa ta shahara da ƙin ci na dogon lokaci, musamman namijin da ya balaga, kuma yawanci daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Babba mai lafiya yana iya yin watanni bai ci ba kuma nauyinsa ya ragu da kaɗan ƙwarai. Abin da zai raba miki gardama shi ne sikeli. Ki auna shi yanzu, ki sake aunawa duk bayan mako biyu. Muddin abin da ya rasa bai kai kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa ba, jikinsa yana da ƙarfi idan kin ɗauke shi, harshensa yana fita, kuma ƙashin bayansa bai yi tsini ba, to jira ne maganinsa. Wannan sassauci na manya ne. Jaririyar da ta tsallake ci uku a jere ba a jira da ita.

Sai dai hunturun Kano yana da abubuwa biyu da ya kamata ki gyara kafin ki ɗora laifin kan lokacin barbara. Da asuba sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15, mesa kuwa ba ta samar da ɗumin jikinta da kanta, kuma idan ta ji cewa ba za ta samu zafin narkar da abinci ba sai ta ƙi ci, domin abincin da bai narke ba ruɓewa yake yi a cikinta. Kada akwatin ya sauka ƙasa da digiri 23 ko 24 da dare. Idan babu wutar lantarki, kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul aka jingina a bayan akwatin tana taimakawa, tare da lulluɓe gefunansa da bargo a bar kafar iska. Na biyu shi ne bushewar iska, wadda a wannan lokaci takan sauka ƙasa da kashi 20, alhali mesar tana buƙatar danshi kashi 55 zuwa 65, har ma fiye a lokacin saɓa. Ki samo ƙaramar tukunyar ƙasa, ki fasa mata ƙofa a gefe, ki goge bakin da dutse don kada ya yanke shi, ki jiƙa ta ki kife a kan ɓawon kwakwa mai ɗan laima. Tukunyar tana riƙe danshi kuma tana ba shi duhun da yake nema. Idan bazara ta shigo matsalar takan juye, domin zafin ɗaki da ya wuce digiri 35 haɗari ne gare shi, sai ki mayar da akwatin ɗaki mafi sanyi, nesa da taga.

Ki duba idanunsa kuma. Idan sun yi fari-fari kamar an shafa musu hazo, launin jikinsa ya dushe, cikinsa ya yi ja-ja, saɓa ce take tafe, kuma yawancinsu ba sa ci sai sun tuɓe. Bayan kin gyara waɗannan, ki gwada sau ɗaya duk kwana 10 zuwa 14, da ɓeran da bai kai wanda ya saba girma ba. Amma idan kin ji yana numfashi da ƙara, ko kin ga majina ko kumfa a bakinsa, ko yana zama da baki a buɗe kai a sama, ko kin ga ƙananan ƙwari baƙaƙe a gefen idonsa da cikin kwanon ruwansa, ki kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Ɗura masa abinci da ƙarfi aikin likita ne, kada ki yi da kanki.

Tambaya: Zan iya barin jar fitila a kunne da dare domin in riƙa kallonta?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Tana ganin hasken, kuma yana hana ta cikakken duhun da take buƙata. Ka ba ta awa 12 na haske da awa 12 na duhu, kusan yadda yake a ƙasarta ta asali. Idan ɗumi kake nema da dare, ka yi amfani da abin ɗumama marar haske wanda aka haɗa da na'urar daidaita zafi, domin mesa takan kwanta a kan abu mai zafi har ta ƙone ba ta matsa ba. Idan kallo kake so, ka zauna shiru na 'yan mintoci da ƙaramar tocila da ka haska bango.

Tambaya: Ina da shagon hatsi a Kaduna, ɓeraye sun yi mini yawa. Zan iya kama su da tarko in riƙa ba mesata da ransu, in huta da sayen na kiwo?

Amsa: Alhaji, ina roƙonka kada ka yi, kuma lafiyar iyalinka ce ta sa na fara da roƙo. Ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, yana cikin abincin wannan mesa a daji, kuma shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau. Ana kamuwa da ita ta fitsari, kashi da jinin ɓeran, kuma mai cire shi daga tarko da hannu yana cikin waɗanda suka fi kusa da haɗarin. Sanya shi a firiza ba ya kashe ƙwayar. Ban da haka, ɓeran kasuwa yana iya zama ya ci shinkafar ɓera a shagon maƙwabcinka, kuma wasu irin wannan guba sukan ɗauki kwanaki kafin su kashe shi, yana yawo da ita a jikinsa, sai ta wuce ga mesar. Tsutsar ciki ma ta wannan hanya take shiga. Ka nemi ɓerayen da aka kiwata a keji tun kakanninsu, irin fararen nan da ake kiwatawa don ɗakunan bincike, ko ka kiwata su da kanka daga tsatso mai tsabta. Ɗan tsako na kwana ɗaya yana iya shiga jefi-jefi don sauyi, amma ba zai zama abincin kullum ba.

Ba da ɓera da ransa ma yana da nasa haɗarin. Mesar da ba ta jin yunwa ba ta kare kanta, dunƙulewa kawai take yi, ɓeran kuwa sai ya hau gatsar bayanta, kuma likitocin dabbobi sun saba ganin irin wannan rauni har zuwa ƙashi a mesoshin da aka bari da ɓera dare guda. Mataccen ɓera daskararre ya fi aminci gare ta kuma ya fi sauƙi ga ɓeran. Ka sa shi a leda ka bar shi ya narke a cikin ruwan sanyi har ka matsa cikinsa ka ji babu sauran ƙanƙara, sannan ka tsoma ledar a ruwan ɗumi har jikinsa ya kai wajen digiri 38 zuwa 40, kan ya fi ɗumi, domin ramukan leɓenta su gane shi. Kada ka dafa shi da tafasasshen ruwa. Ka riƙe shi da dogon hantsaki, ka ɗan motsa shi a hankali a gaban maɓoyarta ba tare da ka taɓa fuskarta ba. Idan ba ta kama ba, ka ajiye shi a bakin maɓoyar ka kashe fitila ka fita, domin wasu ba sa ci sai ɗaki ya yi tsit, da safe kuma ka zubar idan yana nan. Inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa, duk ɓeran da ya narke a firiza ya yi wari ko ya kumbura a binne shi, kada a sake daskarar da shi. Ka ware masa mazubi dabam da na abincin gida, kuma ka wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɓeran, mesar ko kwanon ruwanta, saboda macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela, wadda ta fi illa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu da tsofaffi.